Ya Mai Jiki?

"Ka kalli idona ka ce min ƙarya Kulu take yi."

Zunnuraini bai kalle ta ba. Yana zaune a kan tabarma a inuwar rumbu, ya miƙe ƙafarsa ta dama wadda aka naɗe gwiwarta da bandeji, yana ta juya ƙwallo a cinyarsa kamar ba da shi ake ba. Can ƙarshen tsakar gidan mahaifiyarsa, Inna Hanne, tana shanyar gyaɗa, ta yi nisan da ba za ta jiyo su ba.

"Zunnu, da kai nake."

"Na ji ki, Surayya."

"To ka ba ni amsa."

"Kulu dai ba ta iya riƙe bakinta ba..."

"Ƙanwarka ce, kuma ita ta raka ka Kano. Kuka ta zo ta yi min. Likita ya ce jijiyar gwiwarka ta tsinke, ko bai ce ba?"

Ya ci gaba da juya ƙwallon.

"Ya ce sai an yi maka aiki. Ya ce in ka kuskura ka yi tsalle a kanta kafin aikin, gwiwar za ta iya lalacewa gaba ɗaya, ka ƙare rayuwarka da ɗingishi..."

A nan muryarta ta karye. Ta ja gefen mayafi ta danne bakinta, don kada Inna ta juyo ta ga budurwar ɗanta tana kuka da rana tsaka.

"Ya faɗa," in ji shi a hankali. "Amma kin san likitoci da tsorata mutum. Wasa ɗaya ne, Sahiba, ɗaya tak. Mu ci 'yan Wudil, mu samu shiga gasar jiha, sai in kwanta su yanka duk inda suke so."

"In ka faɗi fa?"

"Ba zan faɗi ba."

"Wancan karon da ka faɗi, da saninka ka faɗi?"

Sai a lokacin ya ɗago. Idanunsa sun faɗa, ramar jinya ta fito masa a wuya, amma kallon nan nasa mai kashe mata jiki yana nan yadda yake.

"Masu zaɓen 'yan wasan jiha za su zo kallo. Baba ya ce ba zai ba da ke ga wanda ba shi da sana'a sai guje-guje da gajeren wando ba. In suka ɗauke ni, na samu abin da zan tsaya a gabansa in faɗa. Don ke nake so in buga, Surayya."

"Kada ka ce don ni..."

"Ki yi min alkawari maganar nan ba za ta fita ba. Ko Inna ba ta sani ba. Koci ma targaɗe na ce masa."

Tana shirin magana suka jiyo ƙarar babura a ƙofar gida, ana ta danna hon ana kiran sunansa. Ya dube ta da roƙo ƙarara a fuskarsa. Ita kuwa zuciyar mai so ba ta da ƙashi, sai ta tsinci kanta tana gyaɗa masa kai.

Wanda bai san Gaya ba zai ɗauka ƙwallon ƙafa kaɗai samarinta suka sani. Da can haka ne, har Allah ya kawo wani malamin motsa jiki, Koci Gwadabe, wanda ya tarar da tsohon filin siminti a bayan makaranta, ya sa maƙeri ya lanƙwasa masa ƙarafa biyu, ya kafa ƙungiyar ƙwallon kwando ya raɗa mata suna Shaho. Mutane suka yi ta dariya, wai ƙatti da gemu suna wahalar cika hujajjen kwando. Dariyar ta tsaya ranar da wani dogon saurayi daga Toranke ya yi tsalle ya cusa ƙwallo a ragar da hannu ɗaya. Tun daga ranar sunan Zunnuraini ya ɓata a bakin mutane, sai dai Rimi. Daga Gaya har Ajingi, har su Gafasa, in aka ce Shaho za ta yi wasa, mai shayi ma rufe teburinsa yake yi.

To, wannan Rimin ne ya sauko a karkace a farkon kaka, aka kwashe shi daga fili yana cizon rigarsa. Tun daga nan Shaho ta koma cin wasa da ƙyar da jiɓin goshi, magoya bayanta kuma suka mai da hanyar Toranke hanyar gidansu.

Yau ma su ne suka cika zaure. Surayya ta laɓe a bayan zana tana kallo lokacin da ya dogara sandarsa ya fita wajensu. A gaba akwai yayanta, Muktar, shugaban magoya baya, wanda shi kaɗai ne a gidansu yake bayan aurenta da Zunnuraini. Kusa da shi Adawiyya ce, mai kula da shafin ƙungiyar, ta ɗaga waya tana ɗauka.

"Kaftin, ya jiki?" in ji Muktar.

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Zauren ya ɗauki sowa.

Ni dai ban taɓa ganin mutane masu taurin kai a kan magana ɗaya irin mutanenmu ba. Ka je duba mutum yana jan numfashi da ƙyar, ka ce masa ya jiki, zai tattaro ɗan ƙarfin da ya rage masa ya ce maka da sauƙi. Ba ƙarya yake yi ba, godiya ce yake wa Allah, kuma kowa ya san haka. Amma mai son abu kunnensa daban ne. 'Yan Shaho sun manta cewa gaisuwa ce, suka mai da ita sakamakon asibiti. Kafin Surayya ta isa gida Ajingi, Adawiyya ta yanko wurin da ya ce da sauƙi ta sa masa kiɗa, ta watsa. Washegari 'yan acaɓa da shi suke gaisawa a tasha.

Muktar kuwa ko abinci ya kasa ci don murna.

"Ke Surayya, mutuminki ya kusa dawowa. Wallahi 'yan Wudil sun shiga uku."

"Yaya, ka ga ya taka ƙafar ne?"

"Shi da bakinsa ya ce da sauƙi."

"Kowa ma haka yake cewa."

"Ke matsalarki ke nan, malamar firamare, komai sai kin duba shi da jan biro."

Mahaifinsu, Alhaji Mala, yana zaune a kan dardumarsa yana jin su. Mutum ne mai ƙarancin magana, ɗan asalin Barno da kakanninsa suka zauna a Ajingi suna fataucin hatsi. Ya ɗago ya dubi 'yarsa, ya ga abincinta ko taɓa shi ba ta yi ba.

"Lafiya dai, Surayya?"

"Lafiya lau, Baba."

Ita ma ga ta nan, ta faɗi irin tata.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta san yadda suka wuce ba. A aji sai ta tsaya da alli a hannu ta manta abin da za ta rubuta. Duk kiran da za ta yi masa magana ɗaya ce, shi ma amsarsa ɗaya.

"Zunnu, ka gaya wa Koci."

"Bayan wasan."

"Ni na yarda in jira ka ko shekara nawa ne. Ka koma gona, ka yi koyarwa, ka yi duk abin da za ka yi, ni ba Rimi nake so ba."

"Gari gaba ɗaya ni yake jira, Sahiba. Jiya wani tsoho ya taho tun daga Gafasa a kan keke, ya kawo min zabbi biyu, wai in sha romo in tashi. Me zan ce masa?"

"Ka ce masa gaskiya."

"Ba ki san yadda abin yake ba..."

Ranar kasuwar Ajingi ta yi kiciɓis da Adawiyya a rumfar masu atamfa. Kowa ya san Adawiyya ta daɗe tana son Zunnuraini, ita ma ba ta taɓa wahalar ɓoyewa ba. Kyakkyawa ce, mai baki kamar reza, kuma duk wasan da Shaho ta taɓa yi tana bakin fili.

"A'a, matar Kaftin. Ba a ganinki a wajen atisaye."

"Wane atisaye?"

"Au, bai gaya miki ba? Ai ya fara jefa ƙwallo daga tsaye." Ta matso, ta rage murya. "Kuma ki kwantar da hankalinki, na gama magana da wani mai kemis. Akwai allurar da za a yi masa a gwiwar kafin a fara, ko ciwon ba zai ji ba har a tashi."

Surayya ta dube ta ido cikin ido.

"Adawiyya, ciwon ne kaɗai yake hana shi ƙarasa ƙafar. In kika kashe ciwon, me zai tsayar da shi?"

"Targaɗe ne fa, ba karaya ba. Ke dai ki ce ba kya son ya haskaka, kina tsoron in ya je Kano ya fi ƙarfinki."

"Ba ki san abin da kike yi ba."

"Na san abu ɗaya. Namiji irin Rimi mai ɗaga shi yake buƙata, ba mai riƙe masa riga ba."

Ta juya ta tafi tana karkaɗa makullin mashin ɗinta. Surayya ta tsaya a wurin har mai atamfa ya tambaye ta ko za ta zauna.

Ana gobe wasa, bayan la'asar, aka taru a filin Shaho don Koci ya bayyana waɗanda za su buga. Ba a taɓa ganin taro irin wannan a kan atisaye ba. Mutane har kan katangar makaranta, 'yan mata sun yi anko da shuɗin mayafi kalar rigar ƙungiya, masu rake da masu awara sun kafa kasuwa. Surayya ta zo tare da Kulu, suka tsaya a gefen mata, hannunsu cikin na juna, dukkansu sanyi ƙalau.

Sai ga shi ya shigo ba sanda.

Filin ya kaure. Yana tafe yana murmushi yana ɗaga hannu, dogon wando ya rufe bandejin. Mutane fuskarsa suke kallo. Surayya kaɗai take kallon yadda yake ɗora nauyinsa duka a ƙafar hagu, da zufar da ta jiƙa masa ƙeya tun bai yi komai ba.

Koci Gwadabe ya karɓi lasifika.

"Kaftin, jama'a na so su ji daga bakinka. Ya jiki?"

"Da sauƙi, Koci."

Aka ɗauka gaba ɗaya, ana tafi ana maimaitawa kamar waƙa. Muktar, da murna ta gama ɗebe shi, ya fizgi lasifikar ya nufo gefen mata yana dariya. So yake ya tsokani ƙanwarsa a gaban jama'a, ya kuma nuna wa duniya cewa Rimi nasu ne.

"To bari mu ji daga wajen mai ɗakin gobe. Malama Surayya, ya mai jiki?"

Ya miƙa mata lasifikar a saitin baki.

Tambaya ce da ko yaron goye ya san amsarta. Kalma biyu ce, ta faɗe su sau dubu a rayuwarta, a asibiti da gidan jinya, har a kan kakarta ana saura kwana ɗaya ta rasu. Ta hango Zunnuraini yana mata murmushi daga tsakiyar fili, ya yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ta hango jakar Adawiyya a rataye, ta san abin da ke ciki. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, don ta san duk wadda ta zaɓa a cikin amsoshin biyu, akwai abin da za ta binne a filin nan yau.

"Babu sauƙi," ta ce.

Lasifikar ta kai maganar har bayan katanga.

Wata tsohuwa mai awara ta ce, "A'uzubillahi." Daga nan ba ka jin komai sai kukan injin markaɗe daga nesa.

"Ke, wane irin mugun baki ne wannan?" in ji Muktar, yana ƙoƙarin janye hannunsa. Ta riƙe lasifikar da hannu biyu.

"Babu sauƙi, Koci. Ba targaɗe ba ne, jijiya ce ta tsinke. Likita ya ce in ya yi tsalle a kanta zai iya nakasa. Allura za a yi masa gobe don kada ya ji ciwo. Ku tambayi Kulu... ku tambaye shi."

Kulu ta fashe da kuka, kukan nan kuwa ya fi kowace shaida.

Koci Gwadabe bai yi faɗa ba. Ya taka har gaban Zunnuraini, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ɗaga ƙafar hagu. Tsaya a kan ta dama."

"Koci..."

"Tsaya a kanta, ka ɗan durƙusa. In ka yi, gobe kai za ka fara."

Ya ɗaga. Ya cije leɓe, ya fara sauka a hankali. Gwiwar ta goce gefe kamar ƙafar tsohuwar kujera, sai ga Rimin Toranke a ƙasa, a kan simintin da ya yi suna, a gaban duk wanda ya taɓa kiran sunansa. Abokan wasansa suka rugo. Ya ture hannuwansu.

Da aka kawo masa sanda ya miƙe, bai nufi ko'ina ba sai wajenta. Mata suka dare.

"Kin yi min alkawari."

"Na yi."

"Kin tsaya a gaban garinmu kin kira ni maƙaryaci. Kin sa na faɗi a gabansu."

"Gara ka faɗi yau ka tashi, Zunnu..."

"Kada ki ƙara kiran sunana." Muryarsa ba ta tashi ba, shi ya sa ta fi ciwo. "Da maƙiyi ne ya yi min, da na ce maƙiyi ne. Ki je, Surayya. Kin huta."

Washegari 'yan Wudil suka ci Shaho da tazarar da ba ta taka kara ta karya ba, irin wadda kowa ya san da Rimi yana ciki da ba haka ba. Masu zaɓen 'yan wasa suka shiga motarsu suka koma Kano. Gari kuwa ya samu wanda zai ɗora wa laifi. Ba wanda ya tsaya ya ce yarinyar nan ƙafar mutum ta ceta. Abin da aka riƙe shi ne an tambaye ta ya mai jiki ta ce babu sauƙi, kuma a wajen mutanenmu wannan ya fi zagi muni, fata ne na sharri. Adawiyya ta yanko wurin ta watsa, wannan karon ba kiɗa. Sunan Surayya ya koma Babu Sauƙi. A tasha ake faɗa, a bakin rijiya ake faɗa, har wasu samari suka zo wucewa ta ƙofar gidan Alhaji Mala a kan babura suna rera shi.

Muktar ya daina yi mata magana. Ita kuma kullum wayarta na hannunta, tana jiran mutum ɗaya ya fito ya ce a bar ta haka. Kalma ɗaya daga bakin Rimi ta isa ta kashe wutar. Bai faɗa ba.

Ranar da samarin suka sake wucewa, Alhaji Mala ya kira ta ɗakinsa.

"Zauna, Surayya."

Ta durƙusa a bakin darduma, kanta a ƙasa.

"Abin da kika yi daidai ne. Da kin yi shiru yaron nan ya nakasa, da ni ne zan fara jin kunyarki."

Hawayen da take ta riƙewa suka zubo. Tun ranar filin, shi ne mutum na farko da ya faɗa mata haka.

"Amma ki saurare ni. Da, sana'arsa ce ba ta kwanta min ba, wannan kuwa abu ne da ake gyarawa. Yanzu na ga abin da ba ya gyaruwa. Ana zagin 'yata a ƙofar gidana saboda shi, yana ji, ya kasa buɗe baki. Na rufe maganarsa."

"Baba, fushi yake yi... zai huce."

"Zai huce, na sani. Amma ke a rana ya bar ki lokacin da yake fushin."

Ta san Baba bai faɗi ƙarya ba, kuma sanin hakan bai rage mata son ko ƙwayar gero ba.

Koci ya yi ta faɗi-tashi har aka yi wa Zunnuraini aiki a Kano. Labarinsa a bakin Kulu take ji, ita ma a ɓoye. An yi aiki lafiya. Ya fara taka ƙafar. Ya ajiye sanda ɗaya. Adawiyya da mahaifiyarta ne suke zaryar asibiti da kulolin abinci, Inna Hanne har ta fara kiranta 'yata. Surayya takan ce alhamdulillahi, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa.

Sai da damina ta zagayo, gero ya kai ƙugu, sannan Rimi ya dawo fili. Ba ta je ba. Daga tsakar gidansu take jiyo hon ɗin babura sun taho tun daga Gaya ana ta sowa. Muktar ya shigo muryarsa a dishe, rigarsa sharkaf da zufa. Ya tsaya a kanta tana tsintar shinkafa.

"Ya yi tsalle, Surayya," ya ce. "Irin na da... har ya fi na da."

"Ya sauka lafiya?"

"Lafiya lau."

"To madalla."

"Ki yafe min. Ni na miƙa miki lasifikar nan, kuma ni na fara juya miki baya."

"Ya wuce, Yaya."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ba ta ganin tsakuwar ba ta ganin shinkafar.

Bayan 'yan kwanaki, an tashi daga makaranta, ta fito da littattafan yara a hannu, sai ta hango shi a gindin darbejiyar bakin hanya. Ya yi ƙiba kaɗan, ya sa farar shadda da hula. Ta tsaya ta gyara riƙon littattafan.

"Surayya."

"Ina wuni."

"Lafiya lau. Na... na daɗe ina so in zo."

Ta mai da idonta ƙasa.

"Ranar da aka buɗe gwiwar, likita ya ce da na buga wasan nan, da ko aikin ba zai yi amfani ba. Tun ranar na san abin da kika yi min."

"Tun ranar?"

"Tun ranar."

"Wata nawa ke nan, Zunnuraini? Lambata ba ta canja ba."

"Kunya ce ta hana ni. Kullum sai in ce gobe. Da na tashi, na tura Baffana wajen Baba, ya ce ya rufe maganar."

"Na ji zuwansa. Ina bayan labule."

"Ba ki fito ba..."

"Kai nake jira ka kira ni, ba Baffanka ba. Da ka kira ni sau ɗaya ka ce Surayya na gane, da na durƙusa a gaban Baba har sai ya gaji da ganina."

Ya sunkuyar da kai. Wata motar haya ta wuce ta watsa ruwan kwata a gefensu, ba wanda ya matsa.

"Akwai abin da nake so ki ji daga bakina," ya ce. "Su Inna sun kai gaisuwa gidan su Adawiyya. An sa rana, bayan an cire amfanin gona. Ita da mahaifiyarta sun yi min ɗawainiyar da ba zan iya kallon idonsu in ce a'a ba."

Ta riga ta ji a gari, amma ji daga bakinsa daban ne.

"Allah ya sanya alheri."

"Surayya, wallahi har yanzu ke ce..."

"Kada ka ƙarasa. Mijin wata ne kai yanzu, kada ka sa in ji abin da zan kwana ina maimaitawa."

"To ki ce kin yafe min. Ki faɗi duk abin da kike so in yi, zan yi."

Ta ɗago ta dube shi sosai, karo na farko tun ranar filin. Idanunta sun cika, amma ba ta bari sun zubo ba.

"Na yafe. Abu ɗaya nake so."

"Faɗi."

"Ban je wasanka ba, ban ga komai ba, a bakin mutane nake ji. Ka taka min in gani."

"In taka?"

"Ka juya ka tafi, har bakin tasha. Kada ka yi sauri, kuma kada ka waiwayo."

Ya tsaya kamar zai yi magana. Sannan ya juya.

Ta kafa wa ƙafar dama ido. Ya ɗaga ta, ya sauke, ta ɗauki nauyinsa duka ba ta goce ba. Ya tsallake wani ɗan kududdufi da ita, ya sauka a kanta daram. Ba ɗingishi, ba karkata, tafiyar nan tasa ta da mai kama da ta wanda ba ya tsoron ƙasa. Ta bi shi da kallo yana raguwa a hanya, tana neman aibu ko ɗaya a takunsa, tana roƙon Allah kada ta samu.

Ba ta samu ba.

Sai da farar shaddar ta shige cikin mutanen tasha sannan ta ɗauke idonta daga hanya. Ta zauna a kan saiwar darbejiyar, ta kifa fuskarta a kan littattafan yara, ta yi kukan da ta shekara tana ajiyewa.